Ciwo A Wuya, Alama A Ido

Hausawa suna cewa, labarin zuciya a tambayi fuska. Sau da yawa maganar gaskiya ce. Uwa takan dubi ɗanta ta san ya yi ɓarna tun bai buɗe baki ba, mu malaman makaranta kuma mukan gane yaron da bai yi aikin gida ba daga yadda yake sunkuyar da kai. Amma akwai wani ciwo wanda yakan sa fuska ta ba da labarin ƙarya. Mai shi yana zaune lafiya da kowa, ga idonsa kuwa a zare kamar mai fushi, ko fatar idon a kumbure sai ka ce ya kwana yana kuka. Mutane su duba, su yanke hukunci. Tushen ciwon kuwa a wuya yake, ido alama ce kawai. Ya shiga gidanmu a shekarar 2021, ya kama ƙanwata, muka yi fiye da shekara biyu muna fama da shi. Abin da muka gani, da abin da likitoci suka koya mana, shi nake so in shimfiɗa a gaban 'yan'uwa, gama na tabbata a cikin ekklesiyoyinmu na ƙasar Karaye da Rogo ba ita kaɗai ba ce.

Ƙanwata tana aure a wata unguwa kusa da Turawa. 'Ya'yanta huɗu, mace ce mai ƙwazo, ita ce kuma take ɗaga waƙa a zumuntar mata. Wajen wata biyar bayan haihuwar autanta ta soma ramewa, alhali cinta ƙaruwa ya yi. Tuwon da take ci da dare ya ishi mutum biyu. Zufa takan jiƙe ta ko da sanyin asuba. Hannunta yana rawa har ba ta iya zura zare a allura, zuciyarta kuma tana bugawa kamar ta wanda ya yi tsere, ko tana zaune a kan tabarma. Barci ya ƙaurace mata, abin da dā ba ya ɓata mata rai yanzu sai ya zama faɗa. Wani ya ce shawara ce, wani ya ce taifot ne, aka sayo ƙwayoyi iri iri a kemis, ba sauƙi. Daga nan sai ido ya shiga. Kowace safiya takan tashi fatar idon a kumbure, cikinsa kamar an zuba yashi, hawaye yana zuba, hasken rana yana damunta. Kafin gero ya nuna, fatar idon ta sama ta ja baya, farin ya bayyana a bisa baƙin, ƙwayar idon kuma ta turo waje.

Da damina ce, lokacin da zazzaɓin sauro yake kwantar da yara a kowane gida. Ɗan maƙwabtansu ya kwanta, jikinsa ya yi zafi har ya suma. Sai wata ta ce ai jiya ta ga matar nan ta kafe yaron da ido a bakin rijiya. Ba wanda ya kira ta mayya a gabanta, amma idan ta fito, uwaye sukan janye 'ya'yansu cikin gida. Abin da ya fi ciwo shi ne, har a majami'a bencin da take zama ya soma zama fili. Yaron ya sha maganin zazzaɓi ya warke, amma maganar ba ta warke ba. Ta daina zuwa sujada, ta daina zuwa rijiya sai da magariba.

Da labari ya iso mini na tafi ranar Asabar. Na same ta a ɗaki ta rufe fuska da mayafi. Ta ce, "Yaya, ni kaina in na dubi madubi tsoro nake ji. Ina zan ga laifin yara?" Na ce ta ɗauki moɗa ta sha ruwa in gani. Da ta haɗiye, sai ga wani ɗan kumburi a gaban wuyanta ya hau sama ya sauko. Kakarmu ta yi maƙoƙo, na san yadda yake tafiya tare da haɗiya. Na kira mijinta na ce Kano za mu. Ya ce, "Yaya Malam, hatsi bai shigo ba, da me za mu je?" Uwar zumunta ta ji, ta zaga gida gida ta tara abin da ya samu. Wani maƙwabcina Musulmi mai mota ya ɗauke mu, ya ƙi karɓar kuɗin mutum ɗaya. A watan Oktoba muka shiga asibiti a Kano, aka ɗebi jini, bayan 'yan kwanaki likita ya gaya mana sunan ciwon.

ZUGAZUGIN JIKI

A gaban wuyan kowane mutum, ƙarƙashin maƙogwaro, akwai wata 'yar tsoka mai fukafukai biyu kamar malam-buɗe-littafi. Likitoci suna kiranta tairod. Nauyinta wajen giram 20 ne, ba a ganinta idan tana lafiya, idan ta kumbura kuwa ita ce maƙoƙo. Aikinta shi ne ta zuba wani sinadari a cikin jini, wanda yake faɗa wa dukan gaɓoɓi saurin da za su yi aiki. Ni na fi gane ta da misalin zugazugin maƙeri. In mai zuga ya yi daidai, wuta takan ci daidai. In ya yi gaggawa, gawayi ya ƙone nan da nan: mutum ya rame, ya yi ta zufa, zuciya ta yi ta gudu. In kuwa ya yi sanyin hannu, wuta ta lafa: mutum ya yi ta jin sanyi da kasala da barci, jiki ya yi nauyi, fata ta bushe, murya ta dushe, gashin gira ya zube, fuska ta kumbura, musamman kewayen ido.

Maƙoƙon da iyayenmu suka sani, irin na kakarmu, mafi yawa rashin aidin ne yake kawo shi. Tairod ba ta iya aikinta sai da aidin, wanda jiki yake samu daga abinci. Abin da ake bukata kaɗan ne ƙwarai, cokalin shayi ɗaya ya ishi mutum duk tsawon ransa, amma in ƙasar da ake noma ba ta da shi, abincin ma ba zai kasance da shi ba, sai tsokar ta yi ta girma tana neman abin da babu. A shekarar 1993 an ƙiyasta wajen mutum 20 cikin 100 a Nijeriya suna da maƙoƙo. A shekarar nan ce gwamnati ta tilasta a riƙa sa aidin a cikin gishirin ci, kuma a 2005 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka shaida ta cika wannan aiki. Shi ya sa manyan maƙoƙo irin na dā suka ragu a kasuwanninmu. Aikin uwargida a nan shi ne ta sayi gishirin leda mai aidin, ta ajiye shi a rufe, nesa da rana da murhu.

Ciwon ƙanwata dabam ne, gishiri ba ya hana shi, ba ya kuma warkar da shi. Ana kiransa cutar Graves, da sunan wani likita na birnin Dabulin a ƙasar Ailan, Robert Graves, wanda ya bayyana ta a 1835. Allah ya sa wa jiki sojoji a cikin jini domin su yaƙi cuta. A wannan ciwo wasunsu sukan ruɗe, su je su riƙa zuga tairod ba dare ba rana. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba abinci yake kawo shi ba, amma yakan bi jinin dangi. Mata sun fi maza kamuwa da shi sau 5 ko fiye, shekarar da ta biyo bayan haihuwa kuma lokaci ne da yakan tashi.

To, me ya haɗa wuya da ido? Ƙwayar ido tana zaune a cikin gurbi na ƙashi, tare da kitse da 'yan tsokoki 6 masu juya ta. Waɗannan ruɗaɗɗun sojoji sukan kai hari can ma, kitsen da tsokokin su kumbura. Ƙashi kuwa ba ya buɗewa, ba wata hanya sai gaba, sai ido ya turo waje. Jini da ruwa ba sa saurin komawa daga wurin da ya cushe, shi ya sa fatar ido takan cika, ta fi cika kuwa da safe bayan an kwana a kwance. Fatar sama da ta ja baya ita ce take sa mutum ya zama kamar yana zare ido. Ba kallo yake yi ba, fatar ce ta ƙi saukowa. Wajen mutum 1 cikin 3 ko 4 na masu cutar Graves ne ciwon yake bayyana a idonsu sosai, waɗanda abin yake kai su ga hatsarin makanta kuwa ba su wuce 5 cikin 100 ba.

SA'AD DA MAGANI YA ZAMA ABIN ZARGI

Likita ya ba ta ƙwayar da ake kira kabimazol, mai rage zugar tairod, da wata ƙwaya mai kwantar da gudun zuciya da rawar hannu. Ya ce za ta sha kabimazol wata 12 zuwa 18, tana iya ci gaba da ba da nono a kan adadin da ya rubuta, a kuma dawo gwajin jini bayan mako 6. Ya ja mana kunne a kan abu biyu. In zazzaɓi ya kama ta tare da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki, ta tsai da ƙwayar, a kai ta gwajin jini a ranar, gama a jikin mutum kaɗan maganin yakan rage fararen ƙwayoyin jini. In kuma ta ga alamar ciki, ta zo da wuri, domin akan sauya maganin a watanni 3 na fari. Sa'an nan ya faɗi wata magana wadda ita ce ta riƙe mu daga baya. Ya ce, "Malam, wuya da ido tafiyarsu ba ɗaya ba ce. Jikin zai yi sauƙi cikin makonni, idon kuwa sai ya gama nasa lokacin."

Haka kuwa aka yi. Kafin wata biyu barci ya dawo, hannu ya daina rawa, ta soma yin ƙiba. Ranar gwaji ta zo ana tsakiyar girbin dawa, mijinta ya ce a bari sai an sayar da amfani, tun da ga sauƙi ya samu. Ta ci gaba da shan ƙwayar yadda aka rubuta tun farko. Kirsimeti ya wuce, hunturu ya kankama. A watan Janairu na 2022 sai fuskarta ta cika fam, kewayen idon ya kumbura fiye da dā, tana zaune kusa da murhu tana jin sanyi, tana gyangyaɗi da rana tsaka.

A nan ne gardama ta tashi a gidan. Uwar mijinta, tsohuwa mai ƙaunarta ƙwarai, ta ɗauke kwalin maganin ta ɓoye a cikin tukunya. Ta ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kafin ƙwayar nan ido ne kaɗai, yanzu fuska duka. Kashe mini ita za ku yi?" Ta riga ta yi magana da wanzami ya zo ya tsaga wuyan ya fid da mugun jini. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, abin da kika gani gaskiya ne, fuskar ta kumbura. Amma ki ba mu kwana uku mu kai ta a auna jinin. In likita ya ce a bar maganin, ni da kaina zan zubar." Ta yarda.

Gwajin ya nuna zugar ta yi ƙasa da yadda ya kamata. Adadin da ake farawa da shi mai yawa ne domin a kashe gobara, sa'an nan a riƙa ragewa bisa ga abin da jini ya nuna. Da aka tsallake gwajin, sai ƙwayar ta wuce da aikinta, jiki ya koma ɗaya gefen, watau na sanyin zuga. Likita ya ce wannan sanyin yakan kumbura fuska da kansa, yakan kuma ƙara tsananta ciwon idon na Graves. Bai tsai da maganin ba, rage shi ya yi. Cikin mako shida fuskar ta saɓe.

'Yan'uwa, wannan shi ne abin da na fi so kowane gida ya riƙe. A cikin ciwon nan ido bai san kima ba, jini ne mudu. Kumburi yana iya zuwa daga zugar da ta yi yawa, yana iya zuwa daga zugar da ta yi kaɗan, yana kuma iya ƙaruwa ko da jini yana daidai, domin ciwon idon yana da nasa zamani. Yakan yi ta hawa wata 6 zuwa shekara 2, wani lokaci fiye, sa'an nan ya tsaya, ya lafa. Mai kallo daga waje ba zai iya rarrabe waɗannan uku ba. Da Inna ta zubar da maganin gaba ɗaya, da gobarar ta dawo, ita kuwa tana iya raunana zuciya har ta kai ga mutuwa. Kuɗin gwajin jini yana cikin kuɗin magani. Wanda ya sayi ƙwaya ya bar gwaji, rabin magani ya saya.

KULA DA IDON KANSA

Aka tura mu wurin likitan ido. Ya auna ganinta, ya nuna mata launuka, ya auna yadda idon ya fito, ya ce nata bai taɓa jijiyar gani ba. Abin da ya umarta ba mai tsada ba ne. Ɗigon ido mai kama da hawaye sau da yawa a yini, da man ido da dare, domin idon da ba ya rufuwa sosai yakan bushe. A ɗaga wajen kai na gado, mijinta ya sa bulo biyu a ƙarƙashin ƙafafun gadon, kumburin safe ya ragu. Tsumma mai tsabta a jiƙa da ruwan randa a ɗora a kan fatar ido. Baƙin tabarau saboda rana da ƙurar hunturu. Ta bar sussuka da shiƙa, 'yarta ta fari ta karɓi hura wuta. Kwalli, da ruwan ganye, da nono, da ruwan sukari, duk ya hana a sa. Ya kuma hana sayen ɗigon ido a kemis ba da takardarsa ba, gama waɗansu suna da sinadarin da yake kawo hawan jinin ido, wanda yake makantarwa a ɓoye.

Ya tambaya ko akwai mai shan taba a gidan, domin ba abin da aka sani yana tsananta ciwon idon nan kamar hayaƙin taba. Baban mijinta tsoho ne mai tukunyar taba, bai shiga bangaskiya ba tukuna. Da aka gaya masa, bai ce kome ba, ya ɗauki tukunyarsa ya koma gindin tsamiya a bayan gida, har yau kuwa can yake sha.

Ga waɗanda nasu ya fi tsanani, akwai allurar sitiroyid da ake sa wa a jijiya mako mako har mako 12 domin a kwantar da kumburin. In jijiyar gani ta matsu, akan yi tiyata a faɗaɗa gurbin idon. Gyaran kamanni kuwa, watau mai da ido ciki, da daidaita idon da ya karkace, da sauko da fatar ido, akan jira sai ciwon ya lafa. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani sabon magani, Tepezza, mai sa ido ya koma ba tare da wuƙa ba, amma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka ko a can. Tairod ɗin kanta, in ƙwaya ta kasa, akan cire ta da tiyata, ko a ba mutum wani aidin na musamman mai ƙone ta daga ciki, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1941. Ba a ba mai ciki ko mai shayarwa wannan aidin, yana kuma iya tsananta ciwon ido, saboda haka tilas likitan ya san halin idon tun da wuri. Wanda aka cire wa tairod ko aka ƙone ta zai riƙa shan ƙwayar tairoksin kowace safiya kafin karin kumallo har iyakar ransa. In ya yi sakaci da ita, fuska ta kumbura.

Akwai alamun da ba a jiran ranar kasuwa ko ƙarshen wata a kansu. In gani ya soma dushewa. In jan launi ya zama kamar koɗaɗɗen zane. In ido ba ya rufuwa cikin barci. In wani farin tabo ya fito a kan baƙin ido. In ana ganin abu ɗaya ya zama biyu, ko zafi ya yi tsanani, a tafi asibitin ido nan da nan. A Kano akwai Asibitin Ido na ECWA, wanda Mishan ta SIM ta kafa a 1943 ta hannun Dokta Douglas Hursh. Ga ciwon tairod akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, da Asibitin Murtala. 'Yan'uwanmu na wajen Rogo waɗanda Zariya ta fi musu sauƙi suna da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Kada kuma a ɗauka kowane kumburin ido daga wuya yake. Yaron da yake tashi da kumburarren ido, fitsarinsa yana kumfa ko ya ragu, a duba ƙodarsa. Mai ciki wadda fuskarta da hannuwanta suka kumbura, da ciwon kai, a auna jininta a ranar, gama hawan jini na ciki yana kashe uwa da ɗa. Ƙaramin yaro wanda idonsa ɗaya yake turowa, a kai shi likitan ido ba tare da jinkiri ba.

ABIN DA YA RAGE GA EKKLESIYA

Ƙanwata ta gama shan maganinta a watan Afrilu na 2023. Kafin ƙarshen shekarar idon ya lafa, yana rufuwa, yashin ya fita. Na hagu ya ɗan fi na dama girma har yanzu, likita kuwa ya faɗa mana tun farko cewa ba lalle ne ya koma kamar dā sarai ba. Ya kuma ce wajen rabin masu shan ƙwayar nan ciwon yakan dawo musu, saboda haka tana zuwa gwaji a kan lokaci, mijinta kuma yakan ware buhu ɗaya tun a masussuka domin wannan.

Komawarta cikin jama'a ta fi shan ƙwayar wuya. Fastonmu ya taimaka ƙwarai. Wata Lahadi ya yi wa'azi a kan mutumin nan da aka haifa makaho, a Yohanna sura 9, inda almajirai suka tsaya neman wanda za a ɗora wa laifi, Ubangiji Yesu kuwa ya kawar da tambayar, ya warkar da mutumin. Bai ambaci sunan kowa ba. Ya ce wanda ya nuna maƙwabcinsa da yatsa a kan abin da bai sani ba, ya karya dokar da ta hana shaidar zur, ko da a raɗa ya yi. Lahadi ta gaba uwar zumunta ta je har gida ta riƙo hannun ƙanwata, ta zaunar da ita kusa da kanta, ta ɗauki jikanta ta ɗora mata a cinya a gaban kowa. Wannan ya yi aikin da bayanina na wata da watanni bai yi ba.

Mu masu bi mukan ce mun bar tsoron maita tun ranar da muka karɓi Almasihu. Gwajin maganar yakan zo sa'ad da yaronka yake kwance da zazzaɓi, ga kuma maƙwabciya mai baƙon ido. Mace mai irin ciwon nan tana ɗauke da kaya uku: jikin da ba ya hutawa, fuskar da ba ta gane ta ba a madubi, da bakin mutane. Na farko da na biyu aikin likita ne, da taimakon Allah. Na uku kuwa mu muke ɗora shi, mu ne kuma za mu iya sauke shi. Miji ya sani saurin fushin matarsa a lokacin nan daga ciwon ne, ya yi haƙuri, kada ya kai ƙara wurin iyayenta ko ya fara zancen saki. Malaman makaranta su tsawata wa yara masu yi wa irin waɗannan mutane waƙar ba'a. A ajinmu na kan koya musu misalin zugazugin nan a darasin kiwon lafiya, sukan kuwa kai shi gida.

Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Luka wanda ya rubuta Bishara likita ne, ubanninmu na bangaskiya kuma majami'a da ɗakin shan magani suka gina gefe da gefe. Mun yi addu'a kowace safiya, ta kuwa haɗiyi ƙwayarta bayan Amin. Wanda ya ce wa mara lafiya ya jefar da maganinsa domin ya nuna bangaskiya, ya ɗauki nauyin rai a wuyansa.

Saboda haka ina roƙon zumuntar mata ta kowace ekklesiya: ku dubi bencinku. In akwai 'yar'uwa wadda take ramewa tana kuwa ci, ko wadda idonta ya sauya, ko wadda ta daina zuwa ba dalili, ku je ku gaishe ta, ku ba ta ruwa ta sha, ku dubi wuyanta. Ku tara mata kuɗin mota da na gwajin jini, na farko da na biyu da na uku, gama a na biyu da na uku ne akan gaji. Dattawa kuma su sa wannan cikin lissafin baikon taimako. Ubangiji wanda ya buɗe idanun makafi ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba likitocinmu hikima, ya kuma tsare bakinmu daga ɗaukar alhakin maƙwabta. Amin.